Tarken Manhajar Al'adu da Fasahar Ƙirƙira: Ina Rabon 'Ya'yan Talakawa?

1.0 Gabatarwa

Daga cikin darussan da ke cikin manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara 9, da wuya a sami wanda ake yabawa a baki, ake kuma yi wa riƙon sakainar kashi a aji, kamar darasin Al'adu da Fasahar Ƙirƙira. Darasi ne da ya tattara zane da gini da sassaƙa da saƙa da kiɗa da waƙa da rawa da wasan kwaikwayo a inuwa ɗaya. Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Nijeriya, wato NERDC, ita ce ta tsara manhajar, aka kuma fara aiki da ita a shekarar 2008. Da aka yi mata kwaskwarima a 2012, aka rage yawan darussa daga 20 zuwa 10, wannan darasi bai faɗi ba. Haka nan sunansa ya sake fitowa a jerin darussan firamare da ƙaramar sakandare da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta bayyana a 2025. Ke nan, a kan takarda, duk yaron da ya shiga aji ɗaya a Nijeriya yana da shekara 9 na koyon fasaha a gabansa.

Abin da wannan tarke zai duba shi ne ko wannan alkawari yana isa ga yaran da suka fi kowa nisa da gata: ɗan ƙauyen da ajinsa ba shi da rufi, da ɗan makiyayi a ruga, da almajiri a tsangaya, da 'ya'yan talakawan birni, har da na unguwannin Hausawa da ke kudancin ƙasar nan, irin su Sabo ta Ibadan da Agege ta Legas. Ra'ayinmu tun da fari shi ne, talauci kaɗai bai isa ya bayyana dalilin da ya sa darasin ba ya kaiwa gare su ba. Akwai wani shinge a cikin yadda manhajar, da littattafan da aka rubuta a kanta, suka ɗauki abin da ake kira fasaha, da kuma wanda suka ɗauka a matsayin mai ita.

2.0 Abin da ke rubuce

Ta fuskar doka ba a bar mu a baya ba. Sashe na 31 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ya tabbatar wa yaro haƙƙin wasa da shiga harkokin al'adu da fasaha, Nijeriya kuwa ta yi tata dokar haƙƙin yara a 2003, ta kuma yi dokar ilimin bai-ɗaya kyauta kuma dole a 2004. Tun a 1988 muke da Manufar Al'adu ta Ƙasa. Hukumar UNESCO ta yi taruka kan ilimin fasaha a Lisbon a 2006, da Seoul a 2010, da Abu Dhabi a 2024. Ba za mu tsaya a nan ba, domin ba rashin takarda ke damun mu ba.

Ita manhajar, a bugunta na 2012, ta kasa darasin gida uku: zane da ayyukan hannu, da wasannin dandali da nishaɗi, da kuma al'adu da gargajiya. Kowane kan darasi yana da gurbin manufa, da ƙumshiya, da aikin malami da na ɗalibi, da kayan aiki, da hanyar auna fahimta. Adalci ne a faɗi cewa masu tsara ta ba su manta da sana'o'in gida ba. Sun ambaci rini da saƙa da ginin yumɓu, sun kuma ƙarfafa malami ya nemi abin da ke kusa da shi.

3.0 Gurbin kayan aiki da tarihin da ke bayansa

Matsalar tana fara bayyana ne idan aka sauko daga manufa zuwa gurbin kayan aiki, musamman yadda littattafan aji suke cika shi. Fensir mai launi, fentin ruwa, buroshi, farin kwali, gam, littafin zane: waɗannan su ne yaro yake fara cin karo da su a matsayin ƙofar shiga fasaha. Dukkansu na saye ne, kuma na ƙarewa ne. Uban da yake jinjina kuɗin littafin rubutu guda ɗaya ba zai sayi fentin ruwa ba, shugaban makaranta kuwa ba shi da asusun da zai saya wa yara 80 da ke aji guda. Abin da kan biyo baya sananne ne ga duk wanda ya taɓa zagayen duba ɗalibai masu koyon aikin koyarwa: malami ya rubuta ma'anar launi da rabe-rabensa a allo, yara su kwafe, a tashi. An koyar da launi ba tare da yaro ya taɓa launi ba. A ɓangaren kiɗa ma haka abin yake, domin da an isa ƙaramar sakandare sai rubutun kiɗa na Turawa mai layi biyar da do-re-mi su mamaye darasin, a makarantar da ba ta da ko da abin busa guda.

Wannan hali yana da asali. Koyar da zane a makarantun boko na Nijeriya ya faro ne daga Aina Onabolu, wanda ya dawo daga karatu a Landan da Faris a farkon shekarun 1920, ya shiga koyar da zane irin na Turai a makarantun Legas. A 1927 aka kawo Kenneth Murray, shi kuwa ya karkata ga cewa yaro ya zana rayuwar garinsu, ya kuma riƙe sassaƙa da ginin tukwane na gida. A Arewa, Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantun Nasarawa a Kano a 1909, kuma a cikinsu akwai sashen sana'a inda ake koyar da dukanci da ƙira da kafinta da ɗinki. Daga baya, a 1958, ɗaliban sashen zane na kwalejin Zariya, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyarsu, suka yi kira da a haɗa dabarun Turai da zanen gida. Uche Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, ya gina aikinsa a kai.

Abin lura shi ne, wannan muhawara an yi ta an gama a jami'a tun fiye da shekara 60 da suka wuce, amma sakamakonta bai sauko firamare ba. A ajin ƙauye har yanzu tafarkin Onabolu ake bi, ba tare da kayan aikin Onabolu ba.

4.0 Abin da yaron ya zo da shi daga gida

Idan aka ce yaro ba shi da damar samun ilimin fasaha, sau da yawa ana nufin ba shi da fasaha sam, sai an kawo masa daga birni. Wannan zato ne muke ganin ya kamata masu tsara manhaja su sake dubawa.

A ɗauki tashe. Daga daren goma ga watan azumi yara maza da mata sukan kasu ƙungiya-ƙungiya, suna bi gida-gida suna wasanni irin su Tsoho da Gemu, da Jatau Mai Magani, da Mairama da Daudu. Idan aka warware wasan tashe guda ɗaya za a tarar da kusan duk abin da manhaja take nema a ɓangaren wasan kwaikwayo. Akwai rabon matsayi, wane ne tsoho, wane ne mai magani. Akwai shiga, gemun auduga da tsumma da sanda. Akwai jagora da 'yan amshi, akwai kiɗa da gwangwani ko ƙwarya, akwai 'yan kallo waɗanda suke yanke hukunci nan take da dariya ko da sadaka. Akwai kuma jigo, domin yawancin wasannin hannunka-mai-sanda ne ga halayen manya, ko koya wa 'yan mata zaman aure. Yaron da ya yi tashe shekara uku ya riga ya san abin da ake nufi da fitowa a matsayin wani, ya san lokacin da ake ɗaga murya da lokacin da ake dakatawa a bar masu kallo su yi dariya. Sai ya zo aji a ba shi ma'anar wasan kwaikwayo da Ingilishi ya haddace, ya faɗi jarrabawa, a rubuta a takardarsa cewa ba shi da hazaƙa a wannan fanni.

Haka waƙoƙin gaɗa suke ga 'yan mata a dandali: tafi da amshi da juyi da ƙirƙirar sabon baiti a kan tsohon kari. Ibrahim Yaro Yahaya, a jerin littattafansa na Tatsuniyoyi da Wasanni, da Umaru Dembo a Wasannin Yara, sun tattara irin waɗannan tun a shekarun 1970, saboda haka ba za a ce babu rubutaccen abin dogaro ba.

Almajiri kuma fa? Shi ne ake ɗauka ya fi kowa nisa da fasaha, alhali kullum hannunsa yana kan alƙalami. Shi yake feƙe alƙalaminsa daga gamba ko kara, ya dafa tawadarsa da gawayi da ƙaro, ya wanke allonsa ya goge. Yana koyon daidaita girman baƙi da tazarar layi da ido kawai, babu ma'auni. A ƙarshen tafiya akwai zayyana, wato adon da ake yi wa allon sauka, mai murabba'ai da da'irori da layuka masu sarƙewa cikin launuka, wanda a tsarinsa ɗan'uwa ne ga dagi da sauran zanen da magina suke yi a fuskar soro, da kuma aikin da maɗinka suke yi a wuyan babbar riga. Duk abin da littafin aji yake kira ginshiƙan zane, wato layi da siffa da daidaito da maimaici, yana nan kwance a kan allon zayyana. 'Yar Fulani a ruga tana ganin irin wannan a jikin ƙwaryar mahaifiyarta da faifan rufe nono, ɗan'uwanta kuwa yana yanka kara ya yi sarewa a wajen kiwo. Yaran birni suna ƙera mota da kara ko langalanga da tsohon silifa, har da ƙafafun da suke juyawa.

Kayan aikin duk waɗannan ba na kanti ba ne: yumɓu, kaba, duma, kara, farar ƙasa da jar ƙasa, baba, lalle, karan dafi. Kuntigin da Ɗan Maraya Jos ya zaga duniya da shi ƙaramin abu ne mai tsirkiya ɗaya, wanda ake iya haɗawa da gwangwani da fata. Ladi Kwali, wadda hotonta yake bayan takardar naira 20, a gida ta koyi ginin tukwane irin na Gwari, kafin ta shiga cibiyar Michael Cardew a Abuja ta wancan lokaci, wato Suleja ta yau, a 1954. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, kamar yadda ta ba Mamman Shata a 1988. Jami'a ta yarda cewa waɗannan mutane masana ne. Firamare ce har yanzu ba ta san inda za ta ajiye irinsu ba.

Sai dai a nan akwai tarko, kuma tilas mu yi gargaɗi a kansa. Cewa a fara daga abin da yaro ya sani ba ya nufin a tsayar da shi a nan. Makarantun Nasarawa da muka ambata sun ware 'ya'yan sarakuna a gefe guda, masu koyon sana'a a wani gefen. Idan muka ce ɗan talaka ya yi ta saƙar faifai shekara 9, ɗan mai hali kuwa ya koyi fenti da kyamara da zane a kwamfuta, to mun maimaita wancan rabo da sabon suna. Ɗan ruga yana da haƙƙin ya riƙe buroshi, ya kuma san rubutun kiɗa. Abin da muke cewa shi ne tsani yana farawa daga ƙasa: zayyana ta kai shi ga tsara haruffa da zanen talla, tashe ya kai shi ga rubuta wasa. Haka kuma ba duk abin gargajiya ne zai shiga aji yadda yake ba. A cikin wasannin tashe akwai masu yi wa wasu ƙabilu ko naƙasassu ba'a, kuma a ajin da ya haɗa yara daga al'ummu dabam-dabam, kamar na Sabo ko Agege, wajibi ne malami ya tace.

5.0 Abin da manhajar ta yi shiru a kansa

Akwai wani batu da ba a cika son taɓawa a rahotanni irin wannan ba, amma shi ne yake rufe ƙofar darasin a garuruwa da yawa. Iyaye da malaman addini da dama suna da ƙyamar zanen sura mai rai, wasu kuma suna ƙyamar kayan kiɗa, ko rawar da ta haɗa maza da mata. Ban da wannan akwai tsohon kallon da al'ummar Hausawa take yi wa kiɗa a matsayin sana'ar gado ta maroƙa, wadda ɗan mutunci ba ya shiga. Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne, ya tuna yadda aka janye shirin gina alƙaryar fina-finai a jihar Kano a 2016 bayan da malamai suka yi ca a kansa.

Manhajar ƙasa, da yake an rubuta ta ne domin kowa, ba ta ce komai a kan wannan ba. Malamin da aka bari shi kaɗai da matsalar yakan zaɓi hanya mafi sauƙi, ya tsallake kan darasin, ko ya mai da shi rubutu a allo. A ganinmu shirun nan kuskure ne, domin mafita tana nan a cikin al'adar kanta. Zayyana da dagi da adon hula da na tabarma ba su da sura mai rai. Rubutacciyar waƙa ana rera ta ba tare da ganga ba, kuma tana koyar da kari da amsa-amo da sarrafa murya. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta ilimantar da matan karkara ta hannun jajis na 'Yan Taru, kuma ba a ji wanda ya ce ta kauce hanya ba. Abin da ake bukata shi ne jagoran malami na kowace jiha ya fito fili ya nuna, a kowane kan darasi, wace hanya ce ta biyu idan ta farko ba ta karɓu ba, ta yadda manufar darasin za ta cika ba tare da an ja daga da iyaye ba.

6.0 Malami da harshe da jarrabawa

Darasi ɗaya ne a jadawali, amma fannoni ne aƙalla uku, kuma yawancin kwalejojin ilimi suna horar da malamin zane dabam, na kiɗa dabam, na wasan kwaikwayo dabam. Wanda ya karanta zane yakan koyar da zane ya bar sauran. A firamaren ƙauye ma ba a kai ga wannan ba, domin malamin aji ne yake ɗaukar komai. Tsofaffin malamai suna tuna lokacin aikin hannu, sa'ad da yaro yake saƙa igiya ko ya sassaƙa muciya a ba shi maki. Sannu a hankali aka koma karɓar tsintsiyar da aka sayo a kasuwa, daga nan a wasu makarantu aka koma karɓar kuɗi a madadinta. Darasin da aka ƙirƙiro domin hannun yaro ya ƙware ya zama haraji a kan aljihun ubansa.

Jarrabawa ita ma ta taimaka wajen wannan lalacewa. Muddin tambayoyin zaɓi-ɗaya ne za su fi rinjaye wajen auna darasin, malami zai koyar da abin da ake tambaya, wato ma'anoni da jerin sunaye.

Game da harshe, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a 2022 da a koyar da yara da harshen uwa a shekaru 6 na firamare, sannan a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi ya bayyana soke wannan tsari da komawa ga Ingilishi a matsayin harshen koyarwa. Ko mene ne ra'ayin mutum game da wannan mataki a fannin lissafi ko kimiyya, a fannin fasaha illarsa a fili take. Karin waƙar Hausa yana tafiya ne da tsawon gaɓa da hawa da saukar murya na kalmomin Hausa. Ba a rera gaɗa da Ingilishi. Da yake darasin harsunan Nijeriya yana nan a jadawali, nauyi ya ƙaru a kan malamin Hausa, domin a ajinsa ne tatsuniya da waƙar baka da wasannin gargajiya suke da mazauni na halal. Muna ba da shawarar a daidaita jadawalin zangon karatu na darussan biyu, ta yadda makon da malamin Hausa yake nazarin waƙar gaɗa, shi ne makon da ake yin ta a aikace a darasin fasaha. Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan cibiyoyin harshe irin tamu. Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda ya fito a 1990, ya yi wa fannin harshe da adabi hidima. Fannin zane da kiɗa yana bukatar irinsa, kuma kalmomin suna bakin marina da magina da dukawa da makaɗa, sai dai a je a tattaro.

7.0 Waɗanda ba su cikin aji

Duk abin da muka faɗa ya shafi yaron da ya sami shiga makaranta ne. Asusun UNICEF ya daɗe yana ƙiyasta cewa yara kimanin miliyan 10.5 ba su zuwa makaranta a Nijeriya, ƙiyasin UNESCO na 2022 kuwa ya kai kusan miliyan 20 idan aka haɗa da 'yan shekarun sakandare. Hukumomin da aka ɗora wa nauyinsu suna nan: Hukumar Ilimin Makiyaya da aka kafa a 1989, mai hedikwata a Kaduna, da makarantun almajirai na zamani da aka fara buɗewa a Gagi ta Sakkwato a 2012, da kuma hukumar kula da ilimin almajirai da yaran da ba su zuwa makaranta da aka yi wa doka a 2023. A irin waɗannan shirye-shirye an fi mai da hankali ga karatu da rubutu da lissafi, fasaha kuwa a ɗauke ta abin marmari da za a waiwaya idan an sami sarari. Mu kuwa muna ganin ita ce ƙofa mafi kusa. Alaramman da yake ɗari-ɗari da boko zai fi saurin amincewa da darasin da ya fara da gyaran rubutun allo da zayyana, wanda kuma zai iya zama abin neman abinci ga almajirinsa, a kan darasin da ya fara da abin da bai taɓa gani ba.

Saura tambayar wanda zai koyar. Ƙa'ida ta tanadi cewa mai koyarwa a firamare ya mallaki takardar shaidar malanta ta NCE, ya kuma yi rajista da hukumar rajistar malamai, kuma ba mu neman a sassauta wannan. Amma babu abin da ya hana maginiyar tukwane ko mai zayyana ko masaƙin garin ya shigo aji a matsayin baƙo, sau biyu ko uku a zango, malamin aji yana tsaye yana haɗa abin da ake yi da manufar darasi, yana kuma ba da maki a kan abin da yaro ya yi da hannunsa. Kwamitin gudanar da makaranta, wanda ya ƙunshi iyaye da masu unguwa, shi ya fi dacewa ya zaɓo mutumin, domin shi ya san wanda gari zai yarda ya zauna da 'ya'yansa. Ɗan abin da za a ba shi na goro kuwa sai hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi su buɗe masa layi a kasafin kayan koyarwa, daga cikin kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya da dokar 2004 ta keɓe wa ilimin bai-ɗaya.